Ko ka sani? Akwai bakteriyar da ake juyawa da maganaɗisu

A taɓon bakin ruwa akwai bakteriyar da ke yawo da kamfas a cikinta. Salvatore Bellini ya yi bayaninta a Italiya tun 1963, amma sai a 1975 duniya ta farga, bayan Richard Blakemore ya ɗebo laka kusa da Woods Hole a Amurka ya sa a madubin ƙara girma. Ya ga ƙwayoyin sun yi dafifi gefen arewa. Ya kawo maganaɗisu ya juya, su ma suka juya baki ɗaya.

A cikin kowace ƙwaya akwai 'yan ƙananan duwatsun maganaɗisu a jere reras, ita ke ƙera abinta daga ƙarfen da ke narke a ruwa. Iskar oksijin mai yawa ba ta yi mata, shi ya sa take neman ƙasa. A arewacin duniya layukan maganaɗisun ƙasa sun karkata ne suna nutsewa, saboda haka bin arewa gangarawa ce cikin laka. 'Yan'uwanta na kudancin duniya kudu suke bi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, maganaɗisun ba ya jan ta ko kaɗan. Fuskarta kawai yake juyawa, tafiyar kuwa da wutsiyarta take yi. Ko ta mutu gawar za ta juya ta kalli arewa, sai dai ba za ta gusa ba. Linzami ne kurum, ƙafafun na doki ne. Wanda ya riƙe linzamin nan kuwa dubbai yake juyawa a lokaci guda, ba sai ya bi su ɗaya-ɗaya ba.

Sylvain Martel da abokan aikinsa a Montreal ta Kanada sun nuna haka a 2009. Kwamfuta na sauya alƙiblar maganaɗisu, bakteriya kimanin 5,000 suka taru suna tura 'yan mitsi-mitsin tubala, har suka jera su a siffar dala cikin kusan minti 15. Magina ba ido ba hannu!

A 2016 suka ɗora musu magani suka nuna musu hanyar ƙarin ciwon daji a jikin ɓeraye. Tsakiyar ƙari ba oksijin sosai, magani ma da ƙyar yake isa can, ita kuwa bakteriyar, nan ne wurin da take so. Fiye da rabin waɗanda aka yi allurarsu sun kutsa ciki da kayansu.