Doki nawa ne a cikin injin? Abin da na'urar daino ke faɗa da wanda take ɓoyewa

A watan Agusta na shekarar 1999 kamfanin Ford na Amurka ya umarci dillalansa su dakatar da sayar da Mustang SVT Cobra, ɗaya daga cikin motocin da ya fi ji da su a lokacin. Birki bai lalace ba, motar kuma ba ta kama wuta. Dawakai ne suka yi ɓatan dabo.

Kamfanin ya tallata cewa injin motar, mai silinda takwas da lita 4.6, yana ba da ƙarfin doki 320, wato ƙarin 15 a kan Cobra ta shekarar da ta gabata mai 305. An sake fasalin kan injin da hanyar da iska ke shiga, don haka kowa ya sa ran sabuwar za ta bar tsohuwar a baya. Waɗanda suka saya sai suka ga ba haka ba. Wasunsu suka kai motocin wurin gwaji, aka ɗaure su a kan na'urar da ake kira daino, lambar da ta fito ba ta kai abin da aka yi alkawari ba. Da takardun gwajin suka yi yawa, Ford ya amsa laifi. Ya kira motocin, kimanin 8,000, ya sauya musu bututun shigar iska da salansa da tsarin kwamfutar injin kyauta. A shekarar 2000 bai fitar da Cobra ta yau da kullum ba, sai a 2001 ta dawo kasuwa.

Idan kamfani mai tarin injiniyoyi zai sa wa injin sabbin kaya amma ƙarfin ya ƙi ƙaruwa, ina ga saurayin da ya yanke salansa ya sa mai faɗi, ya ji ƙara ta cika unguwa, ya rantse motarsa ta ƙara doki talatin? Kunne da mazaunin direba ba sa auna ƙarfi. Mota mai ƙara kullum kamar ta fi gudu take.

Yadda na'urar ke aiki

Duk mai bin shafukan motoci a TikTok ko YouTube ya ga hoton: mota a ɗaure da bel masu kauri, tayoyinta a kan manyan gangunan ƙarfe da aka binne a ƙasa, ga fanka babba a gabanta tana hura iska. Direba ya sa giya ta uku ko ta huɗu, ya take totur har ƙasa, injin ya hau daga ƙaramin juyi zuwa ƙarshensa cikin ƴan daƙiƙoƙi, sannan lamba ta bayyana a allo, jama'a su yi shewa.

Tunanin tsoho ne. Tun 1821 injiniyan Faransa Gaspard de Prony ya ƙirƙiro wani birki da ake matse sandar injin da shi, a auna nauyin da take iya ɗagawa. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin murɗawa, wato yadda injin ke murɗa sandarsa. Ƙarfin doki kuwa lissafi ne: a ninka ƙarfin murɗawa da yawan juyin injin a minti ɗaya. Injin da ke ba da Nm 400 a juyi 5,000 yana ba da kusan kilowat 209, wato doki 285 a ma'aunin Turai. Shi ya sa injina biyu za su iya zama da doki ɗaya a takarda amma tuƙinsu ya sha bamban, ɗaya na ja tun daga ƙasa, ɗayan sai an yi masa ihu ya farka.

Ko dokin ma iri biyu ne. Na Amurka da Ingila wat 745.7 ne, na Faransa da Jamus da Japan wat 735.5. Doki 280 na Japan shi ne 276 na Amurka. Wanda ke rubuce a takardar mota a nan ƙasashenmu masu amfani da tsarin Faransa, 7 ko 11 ko 14, wani abu ne daban, doki ne na haraji, ba ruwansa da abin da injin ke bayarwa.

Sai kuma tambayar da ta fi jawo gardama: a ina aka auna? Kamfanonin ƙera motoci suna auna injin shi kaɗai a kan teburin gwaji. Dainon gareji kuwa a taya yake aunawa, bayan ƙarfin ya bi ta giya da sanduna da tayoyi, kowanne ya ci nasa rabo. Masu sana'ar sun saba cewa kusan kashi 15 cikin 100 ke tafiya a mota mai jan baya, ya fi haka a mai jan tayoyi huɗu. Amma wannan kintace ne kawai. Duk garejin da ya auna a taya sannan ya ba ka lambar injin, to ya yi wani lissafi a tsakani, kuma kana da haƙƙin ka tambaye shi wanne.

Na'urorin su kansu ba bakinsu ɗaya ba. Ta kamfanin Dynojet, wadda ta fi yaɗuwa a Amurka, tana duba saurin da mota ke juya ganga mai sanannen nauyi. Ta Mustang Dynamometer tana ɗora wa tayoyi nauyi da birkin lantarki don ta kwaikwayi hanya, kuma ta yi suna wajen ba da lamba ƙasa da ta Dynojet, har masu motoci na mata laƙabi da mai karya zuciya. Dynapack ta New Zealand cire tayoyin ake yi gaba ɗaya a ɗaura ta a kan cibiyar taya. Mota ɗaya, rana ɗaya, za ta iya fitowa da lambobi uku.

Ƙwararru ma na faɗawa. A 2019 mujallar Motor Trend ta gwada sabuwar Chevrolet Corvette, wadda kamfanin ya ce tana da doki 495 a injin, na'urar ta nuna 558 a taya. Labarin ya zagaye duniya, ana cewa Chevrolet na ɓoye dawakai sama da ɗari. Daga baya mujallar ta amsa cewa kuskure aka yi wajen saita na'urar.

Kafin gyara da bayan gyara

To mene ne amfanin na'urar da ba a yarda da lambarta? Amfaninta na cikin bambanci. A auna motar kafin a taɓa ta, a yi gyaran, a sake aunawa a kan na'ura ɗaya, da giya ɗaya, da fetur ɗaya, da iskar taya ɗaya, injin na kan zafi ɗaya. A yi kowane gwaji sau uku aƙalla, a ga ko lambobin sun zo kusa da juna. Idan tsakanin gwaji na farko da na uku akwai bambancin doki biyar ba tare da an taɓa komai ba, to sabon matacin iskar da ya nuna ƙarin doki huɗu bai nuna komai ba.

Gwajin farkon nan shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma a nan ake cin kuɗin mutane. Wani garejin sai ya ɗauki lambar da kamfani ya buga a takardar talla ya ce ga inda muka fara, ga inda muka kai. Alhali kamfanoni ba ƙari kawai suke yi ba, wani lokaci ragi suke yi. Daga 1989 zuwa 2004 masu ƙera motoci na Japan sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba wanda zai tallata mota da fiye da doki 280 a cikin gida. Nissan Skyline GT-R da Toyota Supra da Mitsubishi Lancer Evolution duk 280 aka rubuta musu, kamar an auna da mudu ɗaya. Supra ɗin da aka kai Amurka da injin 2JZ mai turbo biyu kuwa 320 aka rubuta mata, kuma GT-R ta ƙarshen shekarun 1990 ta sha wuce 300 a gwajin masu zaman kansu. Ko a 2019, da mujallar Car and Driver ta gwada sabuwar Supra mai doki 335 a takarda, 339 ta samu a taya, kafin ma a lissafa abin da giya ta ci. Wanda ya gyara irin wannan mota ba tare da gwajin farko ba zai iya sayar wa mai ita dawakan da da ma nasa ne.

Game da kayan gyaran, abin da gwaje-gwaje suka daɗe suna nunawa ba zai yi wa masu son ƙara daɗi ba. A injin da ba shi da turbo, matacin iska da ƙarshen salansa ƴan dawakai kaɗan suke bayarwa, wani lokacin ma ragewa suke idan matacin na shaƙar iskar zafi daga jikin injin. Inda ake samun ƙari mai yawa da kuɗi kaɗan shi ne injin mai turbo, ta hanyar sake rubuta tsarin kwamfutarsa, abin da ake kira mataki na ɗaya. A Golf GTI mai lita 2, kamfanonin gyara na tallar ƙarin doki hamsin ko fiye ba tare da an kwance ƙusa ɗaya ba. Dalili shi ne kwamfutar na barin turbo ya ƙara tura iska, ta ƙara fetur, ta matso da lokacin da buji ke ba da wuta. Wato ana cin tazarar da kamfani ya bari da gangan saboda zafi da fetur maras kyau da direban da ba ya sauya mai a kan lokaci.

Don haka mai gyara na ƙwarai ba lambar ƙoli yake fara nuna maka ba. Layin gaba ɗaya yake nunawa. Ƙarin doki 20 a juyi 7,000, inda ba ka kaiwa ko sau ɗaya a mako, da asarar 10 a juyi 3,000 inda kake tuƙi kullum, ciniki ne na faɗuwa. Yana kuma nuna layin haɗin iska da fetur. Fetur na ƙonewa daidai a kashi 14.7 na iska kan kashi 1 na fetur, amma injin turbo da aka take har ƙasa yana bukatar fetur fiye da haka, wajen 11.5 zuwa 12, don ya sanyaya cikin silinda. Rage fetur ɗin na iya ƙara ƴan dawakai a allo, ya kuma narkar da fistin a hanya.

Dabarun ha'inci sanannu ne ga ƴan sana'ar. A yi gwajin farko injin na tafasa, na biyu bayan ya huce. A sassauta bel, a ƙara wa taya iska. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne wasa da lissafin yanayi.

Iska, zafi da fetur

Injin iska yake ci, kuma iskar zafi ba ta da nauyi. Domin a iya kwatanta gwajin hunturu da na bazara, na'urar na gyara lambar zuwa wani yanayi da aka amince da shi. Ƙa'idar SAE J1349 ta Amurka na ɗaukar digiri 25, DIN 70020 ta Jamus digiri 20, tsohuwar ƙa'idar da ake kira STD kuma kusan digiri 15 da rabi. Danna maɓalli ɗaya daga SAE zuwa STD na ƙara wajen kashi 4 cikin 100, doki 300 ya koma 312 motar na tsaye. Idan kuma aka rataye ma'aunin zafin kusa da injin, na'urar za ta ɗauka ana cikin tsananin zafi ta yi ta ƙara lamba. Takardar da ba ta nuna ƙa'idar da aka bi da zafin ɗakin ba, rabin takarda ce.

Nan ne maganar ta shafi mai sayen mota daga waje. Yawancin motocin da ke shigowa ta tashoshin ruwan Lome da Kwatano na hannu ne, kuma a cikin masu turbo akwai waɗanda aka riga aka taɓa kwamfutarsu a Turai ko Amurka, wani lokaci mai sayarwa ma da alfahari yake nuna takardar daino. Lambar da ke jikinta ta digiri 20 ko 25 ce. A Yamai ko Tawa cikin watan Afrilu ana wuce digiri 40, kuma iskar digiri 45 ta fi ta digiri 25 rashin nauyi da kusan kashi 6 cikin 100. Ga shi gwajin daino daƙiƙoƙi kaɗan ne da fanka a gaba, ba awa uku a kan hanyar Dosso ba. Idan na'urar sanyaya iskar turbo ta ɗauki zafi, kwamfutar da kanta take janye ƙarfi don ta tsare injin, dawakan da aka biya kuɗinsu su tafi.

Fetur ya fi zafin ma haɗari. Tsarin da aka rubuta don fetur mai oktan 98 na gidajen man Turai yana ɗauka kullum shi za a zuba. Idan aka zuba wanda bai kai ba, balle na kwalba a bakin hanya da ba a san abin da aka gauraya masa ba, fetur ɗin na fashewa da kansa a cikin silinda ba bisa tsari ba. Injin da ke kan tsarin kamfani yana da sararin da zai ja baya. Wanda aka matse har ƙarshe sararinsa kaɗan ne. Yawancin masu rubuta waɗannan tsare-tsare suna da na fetur mai ƙarancin oktan, kuma ana iya mayar da kwamfutar kan tsarinta na asali. Wannan aiki ya fi sauƙi tun motar ba ta hau jirgin ruwa ba.

Ga ƴan uwa mazauna Turai akwai kuma batun doka. A Jamus, ƙara wa injin ƙarfi ba tare da an kai motar an duba an rubuta sauyin a takardunta ba na soke izinin hawanta kan titi. A Faransa ma sauya ƙarfin injin na bukatar a sake gabatar da motar ga hukuma. A ƙasashen biyu kamfanin inshora na iya juya wa mai motar baya idan aka yi hatsari aka gano gyaran da ba a bayyana ba, kuma garantin kamfanin da ya ƙera motar kan faɗi da zarar makanikensu ya jona kwamfuta ya ga an taɓa tsarin.