Kafin a kai ɗalibi Jami'ar Bingham, me ya kamata a duba?

A karkarar arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, akwai gidajen Hausawa Kiristoci, da yawansu mabiya cocin ECWA. Idan yaro ya ci jarrabawar JAMB, sunan Jami'ar Bingham yakan shigo cikin hirar gida.

ECWA ce ta kafa jami'ar a 2005 a Karu, jihar Nasarawa, kan hanyar Abuja zuwa Keffi. Jami'ar ta ci sunan Rowland Bingham, ɗaya daga cikin 'yan mishan uku da suka iso Najeriya a 1893 suka assasa ƙungiyar mishan ta SIM. Asibitin koyarwa na jami'ar, wanda aka fi sani da Jankwano, yana Jos.

Iyayen da suka taso daga Bichi ko Ɗambatta don ganin makarantar suna da abubuwan lura. Su leƙa ɗakunan kwana da ɗakin karatu, su zauna a sujada, su ji ta bakin ɗalibai kan dokokin sutura da na fita. Yaron da ya saba da tarbiyyar coci zai sake, mai son walwala kuwa zai iya jin an matse shi.

Sai batun aljihu. Jami'a ce mai zaman kanta, kuɗinta ya zarce na Jami'ar Bayero nesa ba kusa ba. Kafin uba ya sayar da buhunan gero ko sa, ya tabbatar hukumar NUC ta amince da kwas ɗin da ɗansa yake nema.