Tattasai, Shambo Ko Attarugu: Wanne Ya Dace A Shuka A Gida?

Iyayena Jarawa ne daga Dass, kuma Jaranci na fara ji kafin Hausa. Da muka koma cikin garin Bauchi, duk wani jan abu da ake nikawa a zuba a miya barkono nake kiransa. Ranar da Mama ta aike ni kasuwar Muda Lawal sayen kayan miya, na ce wa wani dattijo mai kayan gwari ya ba ni barkono. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wane iri? Na miya ko na daka yaji?" Na rasa amsa. A ranar na gane cewa Bahaushe ya bai wa kowane iri sunansa, kuma wanda bai san sunayen ba zai kai wa gidansu abin da ba a aike shi ba.

Abin da ya dawo mini da wannan magana shi ne lalurar Baba. Yana fama da gyambon ciki, kuma duk ranar da miya ta yi yaji ba ya samun barci. Yaji ba shi ke haddasa gyambon ciki ba; likitoci sun tabbatar da cewa wata ƙwayar cuta ce da kuma yawan shan wasu magungunan kashe ciwo ke jawo mafi yawansa. Amma yajin kan tayar wa wasu masu ciwon da hankali, kuma Baba yana cikinsu. Ga ƙannena biyu da ke barin tuwo suna kuka. Ita kuwa Mama ta ce miyar da babu ja a cikinta ba miya ba ce. Sai na ɗauki alƙawarin shuka mana marar yaji a bayan ɗaki.

Tattasai shi ne babba, ja, mai kauri, wanda ke ba miya launi da jiki, yajinsa kuma kaɗan ne. Koren tattasai, wanda ake yankawa a soyayyar shinkafa, ba shi da yaji ko kaɗan, idan kuma aka bar shi a jikin uwarsa ya nuna sai ya koma ja ko rawaya, har da ɗan zaƙi. Shambo dogo ne siriri, yajinsa ya fi na tattasai nesa ba kusa ba. Attarugu, wasu su ce attaruhu, shi ne ɗan kumburarre mai ƙamshi, kuma yajinsa ya wuce na sauran. Barkono kuwa su ne ƙananan nan da ake shanyawa a daka. Mai karatu zai lura cewa attarugu da shambo sun yi kama da ata rodo da sombo na Yarbanci. Wannan ba abin mamaki ba ne ga kayan da suka daɗe suna kai-da-komo tsakanin kasuwannin Kudu da na Arewa. Asalin dukkansu nahiyar Amurka ne. A ƙasar Meziko an noma su tun shekaru dubbai da suka wuce, kuma sai bayan tafiyar Kolombus ta 1492 Turawan Fotugal suka yaɗa su zuwa gaɓar tekun Afirka.

Ita kanta kalmar yaji abin nazari ce. Ɗanɗano ne, garin da ake barbaɗawa a tsire ne, sannan mace kan yi yaji, ma'aikata ma su shiga yajin aiki.

Abin da ke kawo yajin wani sinadari ne da masana ke kira kafsaisin. A shekarar 1912 wani masanin haɗa magunguna Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro ma'aunin da har yau ake auna yaji da shi. A bisa wannan ma'auni koren tattasai yana kan sifiri, dangin shambo suna tsakanin 30,000 da 50,000, shi kuwa attarugu yana tsakanin 100,000 da 350,000. Mutane da yawa sun ɗauka a cikin ƙwayoyin irin yajin yake. A gaskiya ya fi taruwa ne a farin naman ciki da ƙwayoyin ke manne da shi, saboda haka mai son rage yaji sai ya ƙanƙare wannan farin kafin niƙa. Sinadarin ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa yaro zai shanye kofi biyu bakinsa na ci gaba da raɗaɗi. Nono ko madara su suka fi kwantar da shi.

Kuskuren da na yi a shekarar farko shi ne na sayi tattasai a kasuwa, na ɗanɗana na ji ba yaji, sai na cire irinsa na shanya na shuka. Da ya yi 'ya'ya, wasu bishiyoyin suka ba da sirara masu yajin da ya sa Baba ya ajiye loma. Dalilin shi ne tattasai da shambo jinsi ɗaya ne, kuma idan an shuka su kusa da juna ƙudan zuma kan ɗauki garin furen wannan su kai wa wancan. Ɗan da aka tsinka a wannan shekarar ba ya canzawa, amma irin da ke cikinsa ya riga ya gauraya, kuma a wajen gado yaji ne ke rinjayar rashin yaji. Don haka ɗanɗanon tattasan kasuwa ba ya shaidar abin da irinsa zai haifa. A shekara ta biyu na sayi iri na cikin ƙunshi a shagon kayan noma, mai suna California Wonder, wanda tsohon iri ne marar yaji da aka sani a ƙasashe da yawa. Idan an rubuta F1 a jikin ƙunshin, to irin aure ne, ba a ajiye 'ya'yansa don shuka ta gaba, domin ba sa fitowa kamar uwarsu.

Shukar ba ta da wuya. Ana yafa irin a ƙaramin gado ko tsohon bokiti, ya tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, a yi dashe bayan mako biyar ko shida. Ni a buhunan siminti da aka wanke na dasa, buhu ɗaya tushe ɗaya, na huda ƙasansu, na gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen kashin shanu. Bayan wata biyu zuwa uku da dashe aka fara tsinka.

Lokaci shi ne abin kula a Bauchi. Zafin Maris da Afrilu kan sa furen tattasai ya kakkaɓe ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Ya fi kyau a yi reno da faɗuwar damina, wajen Mayu ko Yuni, ko kuma a Oktoba domin ya yi fure cikin sanyin hunturu, idan akwai ruwan ban ruwa. Ƙishi kan ƙara wa irin da ke da yaji ƙarfin yajinsa, saboda haka kada a bari ƙasar ta bushe ƙurmus, kada kuma ruwa ya kwanta, don saiwar kan ruɓe. Da ƙananan ƙwari suka far wa ƙarƙashin ganyen, jiƙaƙƙen ganyen dogon yaro da ɗan sabulu na riƙa fesawa da yamma.

Saura maganar ƙamshi, wadda Mama ba ta yafe ba. Tattasai ba shi da ƙamshin attarugu, kuma ta yi gaskiya. Abin da muka daidaita a kai shi ne ta riƙa jefa attarugu guda ɗaya cikin tukunya ba tare da ta fasa shi ba, ta tsame shi kafin ya fashe. Mai son yaji kuma a ajiye masa dakakke a gefen kwano. Buhuna takwas nake da su yanzu, shida na tattasai a bayan ɗaki, biyu na attarugu can kusa da zaure, kuma na daina ajiye iri daga cikinsu.