Lambu a bisa rufin ɗaki

Ƴan uwa manoma na Kurni da kewaye, kowa ya san zafin watan Afrilu da Mayu. Ɗakin kwano yakan zama kamar tanda. Jarirai da tsofaffi da mata masu ciki su ne suka fi wahala, domin zafi yana ƙarar da ruwan jiki.

A wasu ƙasashe, jami'o'i sun samo dabara. Suna shuka tsirrai a bisa rufin gine-ginensu. A ƙasar Tailan, Jami'ar Tamasat da ke kusa da birnin Bankok ta buɗe irin wannan rufi a shekarar 2019. Faɗinsa ya wuce hekta 2. Ana noma shinkafa da kayan miya a kansa. Ɗalibai suna aiki a wurin, suna koyon noma. A jami'o'i masu irin wannan rufi, ɗalibai kan auna zafin rufi mai shuka da na marar shuka, su kwatanta.

Yaya shuka take sanyaya ɗaki? Ganye yana tare rana kafin ta bugi rufi. Kuma ganye yana fitar da ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ruwan ya bi iska, sai ya tafi da zafi. Haka randar ƙasa take sanyaya ruwan sha. Ƙasar da ke bisa rufin kuma tana riƙe ruwan sama, ba ya kwarara gaba ɗaya ya zama ambaliya.

Amma a yi hattara. Rufin jami'a na siminti ne da ƙarfe, kuma an shimfiɗa masa abin hana yoyo. Soron ƙasa mai azara ba zai ɗauki nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Saiwa tana tsaga shi, ruwa ya shiga, ya rufta a kan mutane. Shi ya sa muke cire ciyawar soro, mu yi yaɓe kafin damina.

Ga abin da ya dace da mu:

1. A kafa rumfa a jikin ɗaki, ta wajen faɗuwar rana. Da faɗuwar damina a shuka duma ko kabewa ko soso a gindinta. Yaɗon zai hau ya rufe ta. Ga inuwa, ga amfani.

2. Bayan kaka, a shimfiɗa kara ko harawa a bisa kwano. Amma a nisanta su da murhu, saboda gobara.

3. A dasa bedi nesa kaɗan da bango, a kare shi daga awaki. Yana da inuwa har cikin bazara.

Mutanen ƙasar Matamai sun yi suna wajen raya gawo a gonaki. Wanda ya iya raya gawo a gona, inuwar gida ba za ta gagare shi ba. A tanadi iri tun yanzu.