Kafin Ka Sayi Sabon Bututun Ruwa, Ka Fara Auna Ruwan

Manoman rani da ke bakin kogin Kaduna, wajajen Malali da Rafin Guza, sukan ce injin ya gaji idan ruwa ya ragu a ƙarshen gona. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, bututun ne ya yi masa kaɗan. Don haka idan tsohon bututunka ya fashe, kada ka ce wa mai shago "ba ni irin na da".

Ka ɗauki jarka mai lita 25, ka tara a bakin injin ko famfon rijiyar burtsatse, ka duba agogo. In ta cika cikin daƙiƙa 30, kana samun lita 50 a minti ɗaya ke nan.

Ga abin da kowane bututu ke ɗauka ba tare da wahala ba, a minti ɗaya:

Inci ɗaya: kimanin lita 45
Inci ɗaya da rabi: kimanin lita 100
Inci biyu: kimanin lita 175

Ka ga mai lita 50 ya wuce ƙarfin inci ɗaya. In nisan ya haura mita 100, ko akwai hawa, ko ƙungiyarku za ta raba ruwan ga gonaki da yawa, ku ƙara girman da mataki ɗaya.

Ƙaramin bututu ya fi araha a kasuwa, amma kullum sai ya ci maka man fetur, tumatir kuma na jiran ruwa. Ka binne na roba a ƙasa, domin rana na busar da shi har ya tsage.