Koton Jabu: Yadda Ake Yaudarar Babban Kifin Bas

A ranar 2 ga Yuni, 1932, wani matashin manomi mai suna George Perry ya kama kifin bas mai nauyin kilo 10 a tafkin Montgomery da ke jihar Jojiya ta Amurka. Lokacin fatara ne, don haka bayan an auna kifin sai iyalinsa suka cinye abinsu. Sai a 2009 Manabu Kurita ya kamo wanda ya yi kunnen doki da shi, a tafkin Biwa na Japan. Koton jabu Perry ya sa a ƙugiyarsa, mai siffar ƙaramin kifi.

'Yan uwa ɗalibai, me zai sa ƙaton kifi ya haɗiye katako ko roba? Amsar tana cikin darasinmu na bayoloji.

Bas mafarauci ne, ɗan kwanton ɓauna. Yana laɓewa cikin ciyawa ko ƙarƙashin itacen da ya nutse. Babba ba ya son ɓata ƙarfinsa wajen bin ƙananan halittu, ya fi son loma ɗaya mai ƙosarwa. Shi ya sa masuntan Kalifoniya ke jefa manyan kifayen roba masu kama da waɗanda ake zubawa a tafkunansu. Ba a yawan taɓa irin wannan koto, amma wanda ya taɓa, sau da yawa ƙato ne.

Sai kuma yanayin ruwa. A gefen jikin kifi akwai wani layi da yake jin motsin ruwa da shi. Idan ruwa ya gurɓace, ido ba ya aiki sosai, sai a zaɓi koto mai faifan ƙarfe da ke juyawa yana girgiza ruwa. Idan ruwan garau yake, launi da motsi dole su yi kama da na gaske.

Wuri ma yana da nasa. Kwaɗon roba ana jan sa a kan ganyen bado, ƙugiyarsa a manne da jiki don kada ta sarƙe, kuma ya fi ci da asuba ko almuru. Tanar roba, wadda Nick Creme ya fara ƙerawa a Ohayo a 1949, ana jan ta sannu a hankali a ƙasan ruwa. Lokacin sanyi jikin kifi yana mutuwa, mai gaggawa kan koma gida hannu rabbana.

Akwai abin lura. Manyan bas galibi mata ne, su ne masu zuba ƙwai da yawa. Tun 1972 ƙungiyar B.A.S.S. ta fara mayar da kifi ruwa da rai a gasanninta, domin tafkin da aka kwashe iyayensa ba ya daɗewa yana ba da manya.

Kafin mu jefa ƙugiya, mu tambayi kanmu: me kifin nan yake ci, ina ya laɓe, kuma yaya ruwan yake yau?