Allon motar lantarki da wayar aljihu: abin da ya kamata mutanen Waca su sani

A garin Waca da sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas, wayar salula ta riga ta zama abokiyar tafiya. Da ita mai rake yake jin farashin kasuwar Damagaram kafin ya yi lodi, da ita ɗan ci-rani yake aiko da kuɗi gida, da ita kuma direba yake sanin inda fasinja suke jiransa. Motar lantarki kuwa, watau wadda ke tafiya da batir maimakon esans ko gazuwal, ba ta zama abin gani na yau da kullum ba tukuna a kan waɗannan hanyoyi. Amma a ƙasashen da ake ƙera ta, an ɗau shekaru ana wata gardama wadda ta haɗa abubuwan nan biyu. Gardamar ita ce: allon da ke gaban direba, wa zai mallake shi, wayar mai mota ko kamfanin da ya ƙera motar? Abin da aka yanke a Amurka da Sin, shi ne zai iso nan cikin motocin da za a sayo nan gaba.

Yadda abin yake aiki

Motocin zamani, musamman na lantarki, suna da wani allon gilashi kusa da sitiyari, mai kama da ƙaramin talabijin. A kansa ne direba yake ganin taswirar hanya, da sauran wutar da ke cikin batir, da tashar rediyo. Idan aka haɗa waya da motar, ko da igiya ko ba igiya, sai abin da ke cikin wayar ya bayyana a kan allon da manyan alamomi. Wayar ce ke yin aikin duka. Allon ba ya yin kome sai nunawa, kamar yadda madubi yake nuna fuskar wanda ya tsaya gabansa. Kira, da saƙo, da taswira, da waƙa ko karatu da aka ajiye cikin waya, duk sai su fito ta allo da lasifikar mota, wayar kuwa tana ajiye gefe.

Hanyoyi biyu ne suka fi yaɗuwa. Kamfanin Apple ya fito da nasa tsarin mai suna CarPlay a watan Maris na 2014, a bajekolin motoci na birnin Janiba. Kamfanin Google ya sanar da nasa mai suna Android Auto a wannan shekara, aka fara aiki da shi a 2015. Na biyun ne ya fi shafar mutanen Nijar, domin wayoyin zamani na Tecno da Itel da Infinix da suka cika kasuwanni da tsarin Android suke aiki. A ƙasar Sin kuwa, inda ayyukan Google ba sa tafiya, kamfanoni irin su Baidu da Huawei sun yi nasu na dabam.

Abin ya karɓu ƙwarai. A 2022 kamfanin Apple ya ce kashi 98 cikin ɗari na sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka suna karɓar CarPlay, kuma kashi 79 cikin ɗari na masu saye ba sa duban motar da ba ta da shi.

Kamfanonin da suka ƙi

Duk da haka, wasu masu ƙera motar lantarki sun juya wa abin baya. Kamfanin Tesla ya shafe shekara fiye da goma yana sayar da motoci ba tare da barin waya ta hau allonsu ba. Kamfanin Rivian ya bi sawunsa. A watan Maris na 2023 sai babban kamfanin General Motors ya sanar cewa sababbin motocinsa na lantarki ba za su ƙara karɓar CarPlay ko Android Auto ba, ya kuwa fara da motar Chevrolet Blazer EV. A watan Oktoba na 2025 shugabar kamfanin, Mary Barra, ta ce nan gaba motocin esans ma za su bi wannan hanya.

Hujjar kamfanonin ba ta rasa tushe ba. Motar lantarki tana bukatar taswirar da ta san yawan wutar da ta rage cikin batir, ta lissafa ko za ta kai direba inda ya nufa, ta nuna masa wurin caji, har ta shirya zafin batir kafin a isa wurin domin cajin ya yi sauri. Sun ce taswirar da aka gina cikin motar ita ta fi iya wannan aiki. Sai dai kamfanonin Ford da Porsche sun nuna cewa ana iya barin mota ta gaya wa waya halin batirinta, taswirar wayar kuma ta yi lissafin.

Akwai kuma zancen kuɗi. Tun a 2021 General Motors ya bayyana cewa yana fatan samun dala biliyan 20 zuwa 25 a kowace shekara, kafin 2030, daga ayyukan da mai mota zai riƙa biya wata-wata. Wanda ya riƙe allon shi ne ke sayar da waɗannan ayyuka, shi ne kuma ke tara labarin inda motar ta je, da lokacin da ta tsaya, da irin tuƙin direbanta.

Ina ruwan Waca?

Yawancin motocin da ke aiki tsakanin Damagaram, Mirya, Waca, Dungas da Magarya ba sababbi aka sayo su ba. Sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome, ko kuwa su shigo ta Kano da Katsina. Motar lantarki ma, idan ta yawaita, ta irin wannan hanya za ta zo, wasu kuma daga Sin, ƙasar da ta fi kowace ƙasa ƙera ta. To, a nan ne bambanci yake fitowa fili.

Na farko shi ne taswira. Motar da aka yi domin kasuwar Amurka, taswirar Amurka ce ke cikinta. Wadda aka yi domin kasuwar Sin, sau da yawa da rubutun Sinanci allonta yake magana. Ba a sa hanyar Bande ko ta Tinkim a cikinsu ba. Amma idan motar tana karɓar waya, direba yana iya sauke taswirar jihar Damagaram cikin wayarsa a inda rezo yake da ƙarfi, ya yi aiki da ita har cikin daji inda babu rezo, domin alamar da ke nuna wa waya inda take daga tauraron ɗan Adam take zuwa, kuma ba a biyan ta.

Na biyu shi ne tsufa. Mota takan yi shekara 20 tana aiki, waya kuwa ana sake ta bayan shekara uku ko huɗu. Allon da ke nuna abin da ke cikin waya, duk ran da aka sayi sabuwar waya ya zama sabo. Allon da ya dogara ga kamfani kuwa, ran da kamfanin ya daina kula da shi ya zama gilashi kawai. An riga an ga misali. A 2022 kamfanonin waya na Amurka sun rufe tsohon rezo na 3G, sai motoci masu yawa da aka ƙera domin su yi aiki da shi suka rasa ayyukan da suke yi ta intanet, alhali injinsu lafiya lau.

Na uku shi ne biya. Katin waya da aka gina cikin motar da ta fito daga waje, da kamfanin wata ƙasa aka ɗaura shi. Direban Waca kuwa da Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Télécoms yake aiki, yana sayen kiredi daidai ƙarfin aljihunsa. Biyan kuɗin wata da dala, ta katin banki, ba abu ne da ya dace da halinsa ba.

Na huɗu shi ne harshe. Dokar sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. A watan Oktoba na 2024 kuma kamfanin Google ya sa Hausa cikin harsunan Afirka 15 da mutum zai iya faɗa wa waya da baki ta mayar da su rubutu. Wannan ci gaba ta waya ya zo, ba ta mota ba. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci, ya iya karanta Hausa amma bai iya Faransanci ko Ingilishi ba, ya fi kusa da samun biyan bukata daga wayar da ya saba da ita, wadda sunayen mutanensa ke ciki kamar yadda shi ya rubuta su.

Wuta tukuna

Gaskiya ne, kafin a yi zancen allo sai an yi zancen wuta. Tun 2011 matatar Soraz, mai tace ganga 20,000 a rana, take ba ƙasa esans da gazuwal daga jihar Damagaram. Wutar lantarki kuwa, wani babban kaso nata daga Najeriya yake zuwa, har da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Jama'a ba su manta da katsewar da aka yi daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024 ba. Hasken rana shi ne abin dogaro na gaba: tashar Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 kuma a 2023.

Maƙwabta sun fara gwaji. A 2021 hukumar raya masana'antar motoci ta Najeriya ta buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Shugaban hukumar a lokacin, Jelani Aliyu, Basakkwace ne wanda ya yi aiki a General Motors, ya kuma zana surar motar Chevrolet Volt. Ƙasar Habasha kuwa a 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai. Saboda haka abin ba shi da nisa kamar yadda ake zato. A ƙasar da wuraren caji za su kasance kaɗan kuma nesa da juna, sanin inda suke zai zama kamar sanin inda rijiya take ga matafiyi a hamada. Jerin wuraren da mutanen ƙasa za su tattara da kansu ya fi sauƙin shiga waya fiye da shiga allon da aka kulle daga wata nahiya.

Ido a kan hanya

Kada a ɗauka cewa allon ba shi da illa. A 2020 ƙungiyar kiyaye haɗarin hanya ta IAM RoadSmart a Ingila ta sa aka yi gwaji da na'urar koyon tuƙi. An gano cewa direban da ke taɓa allo da yatsa yana jinkirin ɗaukar mataki da kashi 53 cikin ɗari idan da Android Auto yake aiki, da kashi 57 idan da CarPlay ne. Idan da murya yake ba da umarni, jinkirin yakan sauko zuwa kashi 30 da 36. Wanda ya sha giya daidai iyakar da dokar Ingila ta yarda kuwa, nasa jinkirin kashi 12 ne. Lissafin a bayyane yake: motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cinye mita 25 cikin daƙiƙa ɗaya. Direban da ya dubi allo daƙiƙa huɗu ya yi tafiyar mita 100 bai ga hanya ba. A ranar kasuwa, inda amalanke da babura da dabbobi da ƴan makaranta suke haɗuwa a hanya ɗaya, mita 100 sun isa a yi asarar rai.

Akwai kuma bambanci tsakanin waɗannan tsare-tsare biyu, waɗanda ba sa barin hoton fim ya fito mota tana tafiya, da allunan araha da ake ɗaura wa tsofaffin motoci a gareji, waɗanda wasunsu ke nuna duk abin da ke cikin waya. Direban da ke kallon fim yana tuƙi ya sa ransa da na fasinjansa cikin caca.

Abin da mai saye zai duba

Tun ran gini ran zane. Ɗan kasuwar da zai sayo mota, da ƙungiyar direbobi, da ma'aikacin da aka ɗora wa sayen motocin gwamnati ko na ƙaramar hukuma, ya kamata su yi tambaya kafin su biya. Motar tana karɓar Android Auto da igiya? A gwada da wayar da ke hannu, a gani da ido, domin wasu wayoyi masu araha da ke ɗauke da ƙaramin tsarin Android Go ba sa yin wannan aiki. Ana iya juya rubutun allon zuwa Faransanci ko Ingilishi? Waɗanne ayyuka ne za su tsaya idan ba a biya kuɗin wata ba, ko idan babu rezo? Fitila da hon da mai share gilashi suna da maɓallan da hannu zai taɓa ba sai an dubi allo ba? Hukumar gwajin motoci ta Turai ta tanadi cewa daga 2026 sai mota ta kasance da irin waɗannan maɓallai kafin ta sami cikakken maki.

Haɗi da igiya ya fi dacewa da wannan ƙasa, domin haɗin da ba igiya yana ƙara wa waya zafi, a watannin Afrilu da Mayu kuwa zafin Damagaram yakan wuce digiri 40. A ajiye waya a inuwa, a shirya taswira kafin a tashi, idan saƙo ya matsa a tsaya gefen hanya.

Ga hukumomi, ya dace a rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin takardar kwangila tun kafin a kira ƴan kasuwa. Motar asibiti ko ta malamin gona da za ta yi shekara 15 tana zagaya ƙauyukan tsohuwar ƙasar Sosebaki, bai kamata taswirarta ta rataya ga yardar wani kamfani da ke hayin teku ba. Dukiyar jama'a ce za a kashe, jama'ar kuma su ne za su hau.